Ganyen Ƙunshin Amira

"Wanga zane nike so ki yi mini."

Ma'u ta turo wayarta har gaban hancin Amira, tana wani murmushi mai ban haushi.

Kallo ɗaya Amira ta yi, kwanon lallen ya kusa suɓuce mata. Shekara shida tana yi wa matan Dogon Dutsi ƙunshi, ba ta taɓa rikita zane da zane ba. Wannan nata ne. Ga reshen da ya lanƙwasa hagu, ga ɗigo ukun nan a gindinsa.

Luƙman, wanda za ta aura, shi ya yi mata shi wata huɗu da suka wuce. Shi ba da alƙalami yake zane ba. Kod, wato umarnin na'ura, yake rubutawa a ordinatar, kwamfuta ke nan, ita kuma ta saurari muryar mutum ta fitar da fure, kowace murya da nata. Ranar ce mata ya yi, "Wanga naki ne ke ɗai, shi za ki sa ranar bikinmu."

Saura kwana tara a ɗaura aure.

Abin da ya fi ƙona mata rai, nata ganye bakwai ne kacal. Na wayar Ma'u kuwa ya cika ya batse, ganye kan ganye.

"Ina kika samo shi?"

"Wajen Yaya Luƙman mana..."

Ɗiyar gwaggonsa ce Ma'u. Daga ƙauyen Kiéché ta zo wai taya aikin biki, alhali kowa ya san ita dangi suka so ya aura.

Inna, mahaifiyar Amira, ta ɗago daga bakin murhu. "Ni dama ban yarda da namijin da ke wuni yana hira da inji ba."

Amira ta fizgi mayafi, ta damƙi hannun Ma'u. "Tashi mu tai."

A shagonsa na bayan tasha suka same shi. Ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta ajiye masa wayar a gaba.

"Ni ganye bakwai, ita kurmi guda. Mi na yi maka, Luƙman?"

Ya dubi hoton, ya dubi Ma'u, sai ya sunkuyar da kai. Kunyar nan tasa ta ƙara tsinka mata zuciya. Marar laifi mene ne nasa na sunkuyawa?

"Ma'u, matso ki yi magana nan," ya ce a hankali.

"In ce mi?"

Kalma ukun nan sun isa. Wani zane ya fito a fuskar ordinatar, zagaye-zagaye, ko kama babu.

"Wanga shi ne naki. Wancan hotonsa kika ɗauka shekaranjiya, da kika kawo mini fura na fita alwala."

Ma'u ta zari wayarta ta yi waje, ko takalmi ba ta sa daidai ba.

Amira dai ba ta sauko ba. "To ganyen hwa? Wa ya ƙara su?"

Ya daɗe yana sosa ƙeya kafin ya danna wani wuri. Furenta ya bayyana, cike kamar na hoton, sai ga muryarta, ta wani saƙon da ta taɓa aika masa, ta cika shagon:

"Luƙman, ka ci abinci kuwa? Kar ka yi mini ƙarya..."

Tana kallo, wani ɗan ganye ya tsiro a saman reshen.

"Haka na rubuta shi," ya ce, ya kasa haɗa ido da ita. "Duk sauraro ɗaya, ganye ɗaya. Ban so ki gani ba, zuciyata. Dariya za ki yi mini."

Ba ta yi dariya ba. Ta sa yatsa ta fara ƙirga, ta wuce ɗari biyu hawaye suka ɓata mata lissafi. Kunya ta kama ta, ga kuma daɗi.

"Amira, ki yi magana mana."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙa masa tafukanta.

"Hannu biyu kawai gare ni, Luƙman. Ina kake so in sa wanga duka?"