Shirun da Ya Kusa Raba Sajo da Rahama

A kasuwar Goronyo Sajo ya fara ganin Rahama, tana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga buhun mahaifinta. Ya koma rugarsu a Rara ya kasa cin tuwo.

Yana son ta ƙwarai, amma a rugarsu an tashe shi a kan cewa namiji ba ya buɗe cikinsa. Nono yake aika mata. In ya je zance kuwa, sai ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da sanda.

Ana nan 'yan bindiga suka faɗa Shinaka, garin su Rahama, suka kashe mahaifiyarta. Iyalin suka gudo Goronyo. Rahama ta daina ci, ta rame. Sajo ya je gaisuwa, ya ce "Allah shi jiƙan rai," ya ɗaure rago a ƙofa ya juya, don kada a ga hawayensa. Wannan wauta ce, ko wa ya koya masa ita.

Zulkifilu, wani ɗan kasuwa daga Wurno, shi kullum sai ya zo ya lallashe ta. Malam Sa'adu, mahaifinta, ya aika wa Sajo cewa ya janye, ran Juma'a za a sa rana da Zulkifilu.

Ran Alhamis saƙonta ya shigo wayarsa: "Sajo, kwana arba'in ina jiran ka ce mani sannu. Rago bai magana. In ba ka so na ka hwaɗi in huta. Na gaji da kuka ni ɗai."

Ya hau mashin da tsakar rana. Ya tarar da Malam Sa'adu a ƙofar gida cikin dattawa, ya zube.

"Mi yak kawo ka?" in ji tsohon.

Sajo ya buɗe baki, murya ta ƙi fita.

"Kun gani? Ɗiyata na mutuwa tsaye, in ɗauke ta in ba bebe?"

Sai kuka ya ƙwace wa Sajo a gaban kowa. "Baba, tun randa anka kashe Inna ban samu sukuni ba. Kunya ta ɗaure mani baki." Ya juya wajen zana ya ɗaga murya: "Rahamata, sannu! Sannu, hasken idona. Ina son ki. Ba ki ƙara kuka ke ɗai."

Daga bayan zana Rahama ta ce, "Baba, bari shi ƙarasa. Abin da nika jira ke nan."

Washegari Malam Sa'adu da kansa ya je Wurno ya ba Zulkifilu haƙuri.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Tsohon ya riƙe hannun ango ya ce, "Na ba ka ita. Amma duk randa kak koma yi mata shiru, ni da kaina za ni Rara in ɗauko abata."

Jama'a suka yi dariya, aka shafa fatiha. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya ta gari.