Kejin Rediyoyin Naja'atu

Da azahar aka kira Insifekta Nasrullahi zuwa wata kwantena a bayan tashar Gumel. An kulle wata mata a ciki tun safe, sai da masu walda suka yanke kwaɗo. Ya tarar da ita a ƙasa ana yi mata fifita, leɓunanta sun tsage.

Naja'atu ce, mai ƙera siffofi da ƙarfe. A waje aikinta yake, a farfashe: keji ne na ƙonannun rodi, cike da tsofaffin rediyoyi, duk sun fuskanci wata kujera da ba kowa a kai, ita kaɗai ce ba a taɓa ba.

"Kujerar wa?"

"Ta babana, Malam Dogo, maigadin kasuwar Garin Ubale. Da ta ƙone ina yarinya, rediyo ta ce shi ya bar wuta. Aka kore mu, ya rasu a Damagaram. Idan ka danna maɓallin nan, sai ka ji labaran ranar."

Ya danna. Shiru. An cire kaset ɗin.

"Kin ga wanda ya kulle ki?"

"Ban ga kowa ba, Yallaɓai." Ta kau da kai.

Ɗantala mai walda ya rantse bai ga komai ba. Insifekta ya nuna masa sawun taya a bakin rumfarsa, ya tsare shi da ido.

"To, farar mota ce. Amma don Allah ka bar ni, ina da iyali."

Kwaɗon sabo ne. Washegari a kasuwar Maigatari mai sayar da irinsa ya yi dariya. "Ai ko ido rufe na san shi. Wa bai san muryar Alhaji Badaru ba?"

Alhaji Badaru, tsohon mai karanta labarai, kawun Nasrullahi ne. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya kai shi aikin ɗan sanda.

Ya koma wurin Naja'atu. "Kin ji murya, ko?"

"Na ji. Na yi ta dukan ƙofa, ya ce in yi haƙuri. Amma wa zan gaya wa? Ɗan ƙanwarsa?"

Kafin ya isa gidan kawun nasa, DPO ya bugo. "Ka rufe maganar nan. Yaran unguwa ne." Nasrullahi ya ce to, amma bai juya ba.

Alhaji na zaure a kan darduma.

"Kawu, jiya da safe kana ina?"

"Gagarawa, ta'aziyya. Ni ban ma taɓa ganin abin yarinyar nan ba."

"An farfasa shi duka."

"Ban da kujerar ai."

Nasrullahi ya ajiye yankakken kwaɗon a tsakaninsu.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zaro kaset daga aljihu.

"Fetur ne ya ƙone kasuwar, Nasuru. Wani mai kuɗi ya ɓoye jarkoki a rumfar hatsi. Na sani, aka miƙo mini takarda, na karanta. Gobe za ta kai abin nan baje koli, jikokina su ji ni. Na kulle ta don in ɗauki kaset kawai, sai zuciya ta ɗebe ni na farfasa kejin, na kasa komawa in buɗe."

"Saura kaɗan ta mutu, Kawu."

"Na sani."

Nasrullahi bai iya sa masa ankwa ba. Ya riƙe masa takalmi har ya saka, ya buɗe masa ƙofar baya ta mota. Mata sun fara kuka a cikin gida.

Da direba ya tayar da mota, rediyo na cikin labaran yamma: 'yan sanda sun tabbatar wasu ɓata-garin yara ne suka lalata wani aikin ƙarfe a Gumel.

"Ka ji, ko?" in ji Alhaji a hankali. "Shi ma miƙo masa aka yi."

"Mu je ofis," Insifekta ya ce wa direba.