Ciwon da Muslimat Ta Ɓoye

"Wato kin riga kin yanke hukunci, Nafisat, yanzu sanarwa kike yi min?"

Nu'uman yana tsaye a zauren gidanmu, makullin babur a hannunsa. Bai ɗaga murya ba, amma da ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Ba ni na yanke ba, Yaya Nu'uman. Asibiti ne suka ba da ranar aikin Muslimat, sai ta faɗo cikin satin bikinmu."

"Inna ba za ta iya kai ta ba?"

"Inna da ko sunan aikin aka ambata sai jikinta ya hau rawa? Ni Muslimat ta sani..."

"Ni kuma na je na ce wa mutanen gidanmu me? 'Yan'uwa daga Tabanni har sun fara shiri."

Ya kalle ni ya ce, "Allah ya ba ta lafiya." Ya tayar da babur ya tafi.

Muslimat 'yar yayata Sadiya ce. Tun da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu can wajen Gwaska suka raba ta da uwa da uba, take hannunmu ni da Inna a Birnin Gwari. Tana shekara tara bayanta ya fara karkacewa, kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya. Daga baya ko rijiya ta je ta dawo sai ta zauna tana haki. Likitocin Kaduna suka ce ƙashin bayan ne yake matse mata huhu, sai an yi aiki.

Har muka kama hanyar Kaduna Nu'uman bai kira ni ba. Motarmu tana ratsa daji, kowa ya yi tsit yana addu'a, ni kuma ina duba waya ina mayarwa cikin jaka.

Ana gobe aiki wani dattijon likita ya shigo ɗakin yara. Ya ce sunansa Dakta Joshua, shi ne mai sa barci. Mutumin Gbagyi ne, amma Hausa ta zauna a bakinsa. Inna ba ta bari ya zauna ba.

"Likita, ka gaya min gaskiya. Yarinyar nan ita kaɗai uwarta ta bar min. In kun sa ta barcin nan, za ta tashi?"

"Mama, rai na Allah ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma masu aiki bayanta za su duba, ni kuwa ita zan duba. Ina zaune a kanta, ina lura da numfashinta da bugun zuciyarta har ta buɗe ido."

Ya juya ga Muslimat, ya nuna mata wata 'yar roba da ake ɗorawa a hanci.

"Wannan za ki shaƙa, sai barci ya ɗauke ki. Ba za ki ji komai ba. Kafin ki farka na riga na sa miki maganin ciwo. Amma in ya taso daga baya, ki faɗa min. A nan ba a dauriya, kin ji?"

Ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

Da safe ana tura gadonta, na ɗaga kai na ga Nu'uman a bakin baranda, rigarsa duk ƙurar hanya. Ya gaida Inna, ya shafa kan Muslimat, da aka nemi jini ya miƙa hannu. Ni kuwa "Sannu" kawai ya ce min. Na kasa gane ko soyayya ce ta kawo shi ko kara.

Tun hantsi muke zaune har rana ta karkata. Inna ta ja carbi har yatsunta suka gaji. Da Dakta Joshua ya fito yana murmushi ya ce ta farka, har ta motsa yatsun ƙafarta duka biyu, Inna ta durƙusa a wurin ta yi sujada. Ni kuka kawai nake yi.

Washegari da rana na lura Muslimat ta yi shiru da yawa. Gumi ya jiƙe mata goshi, ta damƙe zanen gado.

"Muslimat, da ciwo?"

"Babu, Anti."

Dakta Joshua ya zo zagaye. Ya kalli na'urar da ke gefen gadon, ya kalle ta.

"'Yata, zuciyarki tana gudu, numfashinki sama-sama. Bakinki ya ce babu, jikinki ya ce akwai. Wanne zan yarda da shi?"

Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya shige kunne.

"Ba allura zan ƙara miki ba," in ji shi. "Ta robar nan ta hannunki maganin zai shiga. In ciwo ya hana ki numfashi sosai, huhunki ba zai buɗe ba."

Sai ta jawo mayafina, ta yi magana can ƙasa.

"Anti... in na ce da ciwo za a ƙara riƙe mu a nan. Kawu Nu'uman zai fasa aurenki. Na ji ku a zaure rannan."

Ashe yarinyar tana bayan ƙofa, ashe tun daga gida ta ɗauko wannan nauyin ta ɗora wa bayan da ko kansa bai iya ɗauka ba.

Ban san Nu'uman yana tsaye a bayana da kwanon abincin Inna ba sai da na ji ya ajiye shi. Ya zagayo ya durƙusa daidai fuskarta.

"Muslimat, kalle ni. Wa ya ce miki zan fasa?"

"Ka yi fushi..."

"Na yi fushi, kuma ban kyauta ba. Ba laifinki ba ne ko kaɗan. Ko shekara za ku yi a asibitin nan, ina jiran Antinki. Kuma ɗakinki yana gidana, in kin warke tare za ku tare." Ya kama hannunta. "Yanzu gaya wa likita gaskiya, don Allah."

Ta kalle ni, na gyaɗa mata kai.

"Da ciwo," ta ce. "Sosai."

"Yauwa, na gode," in ji Dakta Joshua, kamar wanda aka yi wa kyauta. Ya sa maganin da hannunsa, ya tsaya. A hankali yatsunta suka saki zanen, goshinta ya warware, numfashinta ya daidaita. Ba a jima ba barci mai daɗi ya ɗauke ta.

Inna ta kama hannun likitan da hannu biyu. "Allah ya yi wa 'ya'yanka abin da ka yi wa tawa."

"Amin, Mama."

A baranda Nu'uman ya tsaya kusa da ni, kansa a sunkuye.

"Ki yafe min, abar ƙaunata. Bakin mutane na duba, ban dubi abin da kike ɗauke da shi ba."

"Ka zo ai," na ce. "Ka biyo hanyar nan ka zo."

"Na faɗa wa mutanen gida tun kafin na taho. Bikin sai bayan kaka, in ta miƙe."

Bayan kakan kuwa aka ɗaura. Muka tare ni da Muslimat a gidansa da ke bayan kasuwa, tana tafe a tsaye sambal, tana riƙe da 'yar jakarta.

Har yanzu in sanyi ya sauko bayan yana taɓa ta. Sai ta zo ta same mu, ba kunya ba ɓoyo, ta ce, "Kawu, yau da ciwo kaɗan." Shi kuma ya ajiye duk abin da ke hannunsa, ya tashi ya ɗauko mata magani da ruwa.