Baƙon Ɗakin Madubai

Mai gadi ya kashe fitilun ɗakin madubai gaba ɗaya, alhali matar da ta ƙawata ɗakin don 'yan kallo ta ce a riƙa kashewa ɗaya bayan ɗaya. Yana haska tocila sai ga mutum tsaye a tsakiya.

"Kai malam, an tashi! Gidan ubanka ne?"

"Gidana ne. A madubin nake, da ka kashe fitilu gaba ɗaya ka rufe ni a waje," in ji baƙon. Bakinsa na gaba, muryar ta bayan mai gadi take fitowa.

Baƙon ya matso, yana leƙa idon mai gadi na hagu kamar mai duba ɗakin haya.

Tun ranar idon bai ƙara gani ba. Matar mai gadi ma ta daina kallon fuskarsa, ta ce akwai mutum tsaye a cikin idon.