Ƙarfen Famfon Yargalma

Ranar da Tasi'u ya fara ganin Rashida, hannunsa duk baƙin mai. Makaniki ne a Bukkuyum. Famfon burtsatsen Yargalma ya mutu, ya ƙera sabon ƙarfen cikinsa, ya kai wani kamfani a Anka inda ake da injin awo.

Rashida ke kan injin. Ta ɗaure ƙarfen a matsi, ta sa allurar injin ta taɓa shi gefe-gefe, har zanen da ke kwamfuta ya hau kansa daidai.

"In ya motsa bayan wannan, ƙarya injin zai faɗi," ta ce. "Malam, ƙarfe ka zo gani ko ni?"

Awon ya nuna da sauran gyara. Ya tafi da ƙarfen, da lambarta.

Daga nan saƙonnin waya suka fara tsakaninsu. Ya rubuta mata: "Hasken idona, na iso. Hanya ba daɗi, amma na iso."

Ta amsa: "Baƙin Mai, ka ci abinci dai."

Sai dai 'yar Yargalma ce, ɗiyar Malam Makau. Shekarar da gubar dalma ta ci yara, injin mahaifin Tasi'u ne ke niƙa dutsen zinariya a bayan gidansu. Ƙanenta Usama na cikin waɗanda aka binne.

"Ɗan wancan gida?" in ji Makau, ranar da ya ji Tasi'u na neman aurenta. "Ubanai ya niƙa mani ɗa, shi ya ɗauke mani ɗiya? Ga Halliru nan mai sayen zinariya, shi na ba."

Dattawa suka matsa. Ya ce to, in yaron ya tashi famfon gari, a sake magana.

Tasi'u ya koma Anka da ƙarfen. Rashida ta ɗaure, ta daidaita zane, ta tafi sallar azahar. Da ta dawo ta kunna, allo ya yi ja tun daga sama har ƙasa. Kamfani ya ce ba za a ɗora ba. Kafin Tasi'u ya isa gida, Halliru ya baza labari a kasuwa.

Zuciya ta ɗebe shi, ya rubuta: "Da kin ce Halliru kike so, da ya fi ki kashe mani aiki."

Sai washegari amsa ta zo: "Ƙarfen da na ɗaure yana da maiƙo. Wanda na tarar yana sheƙi. Wa ya goge?"

Tasi'u ya zauna a ƙasa. Shi ne. Ya ga man yana ɓata mata yatsu, da ta tafi salla sai ya kwance matsin, ya goge da hularsa, ya mayar ya ɗaure.

"Kunya na ji, Rashida."

"Kunyar taka ta kusa aurar da ni. Taho."

Ta sake daidaitawa daga farko, shi hannunsa a aljihu. Awo ya fito tsaf.

Ranar da ruwa ya zubo, Makau bai yi murmushi ba. Ya tari buta guda, ya nufi maƙabarta shi kaɗai, ya yayyafa a kan ƙaramin kabari. Da ya dawo ya tsaya gaban Tasi'u.

"Ban yafe ma ubanka ba tukuna. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure ran Juma'a, ba kiɗa. Innar amarya ta riƙe kanta tana kuka: "Allah Ya ba ku 'ya'ya, Ya bar maku su."

Aka ce amin.