In An Wanke Zan Zo

Maharazu ya zaɓi ƙaramar kyamarar fim wadda ke shiga aljihu, domin a hanyar Sabuwa babbar waya tana jawo ido. Mahaifiyarsa, Inna Mero, ta roƙe shi hoton gidansu na ƙauye. Tun da 'yan bindiga suka tashe su zuwa Ƙanƙara ba ta sake ganinsa ba.

Gab da magariba ya isa. Ba kowa a garin, ko kaza. Amma tsakar gidansu tas, wata tsohuwa a duƙe tana shara. Yana jin ƙarar tsintsiyar, sai dai ƙura ba ta tashi.

"Sannu da aiki, Baba."

"Mai hoto ne?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Ɗauke ni. Kowa ya tafi, ba mai ganina."

Tausayi ya kama shi. Ya murɗa fim, ya danna.

"In an wanke zan zo in amsa."

Da aka wanko hotunan, ya baje wa Inna su a tabarma bayan sallar isha. Ta daɗe riƙe da guda.

"Wayyo gidana. Dubi ciyawa har gwiwa."

Ya karɓa ya duba. Ciyawa ce, ba tsohuwa, ba wurin da aka share.

Yana ƙoƙarin tuna ko ya gaya wa tsohuwar inda suke, sai Inna ta juya wajen ƙofa.

"Maharazu, wa ke mana shara da daren nan?"