Jirgin Roba da Fentin Azurfa

Can a wani gari, wata yarinya ta harhaɗa ɗan jirgin sama na roba don gasar makaranta. Fentinta ruwan azurfa ne a ɗan gwangwani, na shafawa sau ɗaya tak.

Kakanta ya ce, "Amaryata, ga karce a fiffike, goge shi da samfefar kafinta ya yi sumul."

Ta ce, "Fenti zai rufe."

"Ga kuma maiƙon ƙosai a yatsunki."

"Kai tsoho, fenti zai rufe!"

Ta shafa. Da ya bushe, jirgi ya yi ƙyalli kamar sabon kwano, sai karce ya fito ɓaro-ɓaro, haka ma shatin yatsunta. Ta leƙa gwangwani, ko ɗigo babu.

Ranar gasa, ta wuni tsaye tana kare fiffiken da tafin hannunta.